Yadda ake saita lokacin sawun ƙwayoyi a na'urar gano su

Haske yana cin santimita 30 a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Duk mai shirin taɓa aikin saita lokacin ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta ya fara haddace lambar nan, domin da ita ake auna girman kowane kuskure. A na'urar ALICE da ke cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN, kusa da Janiba, allunan auna lokaci suna da nisan kimanin mita 3.7 daga wurin da ake sa ƙwayoyi su yi karo. Ƙwayar fayon da ta kayon, waɗanda ake bambancewa ta lokacin isowarsu domin kayon ta fi nauyi, idan kowace na ɗauke da ƙarfin tafiya na GeV 1 (GeV ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi ne), tazarar isowarsu nanosakan 1.3 ce kawai. Idan ƙarfin ya kai GeV 2.5, tazarar ta ragu zuwa kimanin pikosakan 220 (pikosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan). Sigina kuwa a cikin kebul irin RG-58 yana cin nanosakan 5 a kowace mita. Ke nan kebul ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da santimita 26 ba ku sani ba, kun mai da fayon kayon a lissafinku, alhali babu abin da ya lalace a na'urar.

Ba sai an je Turai ake koyon wannan ba. Wasu ƙwayoyi da ake kira miyon suna sauko mana daga sama dare da rana, kusan ɗaya a kan kowane murabba'in santimita a minti guda, kuma galibinsu suna gudu dab da gudun haske. A ɗakin gwaji na sashen fiziks, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko a wata makaranta a nan Maraɗi, ɗalibai uku da teburi ɗaya sun isa su bi dukkan matakan da manyan na'urori ke bi. Yawan layukan sigina ne kawai ya bambanta: ALICE tana da sama da dubu 150, ku kuna da biyu ko huɗu.

Lambar da agogon na'ura ya ba ku tarin lokuta ce da aka ɗora wa juna. Akwai lokacin da ƙwayar ta taso, da wanda ta ci a hanya, da wanda haske ya ci cikin roba kafin ya kai ga idon na'urar, da jinkirin idon kansa, da na kebul, da jan ƙafar da ƙaramin sigina ke yi kafin ya tsallake shinge (tsayin da dole sigina ya kai kafin agogo ya kama shi), da kuma kuskuren agogon. Na biyun kaɗai kuke nema. Kamar ka hango mai daka daga nesa ne, taɓarya ta sauka tuni amma ƙarar sai daga baya take iso maka. Aikin saiti shi ne a ɓare sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin da za a bi yana da muhimmanci ƙwarai. A fara daga agogo, a dawo baya zuwa ga ƙwayar. Wanda ya fara da gyaran jan ƙafa kafin ya tabbatar da agogonsa zai cusa kuskuren agogo cikin lissafin jan ƙafa, kuma ba zai sake iya raba su ba.

Kayan aiki

Ku tanadi allunan robar sintileta biyu, in da hali uku, kowane santimita 20 sau 20, kaurin santimita 1 zuwa 2. Miyon da ya ratsa yana barin kuzarin kimanin MeV 2 (MeV kashi ɗaya ne cikin dubu na GeV) a kowane santimita na kauri, robar ta mai da shi walƙiya. A jikin kowane allo a manna idon haske, wanda ke mai da walƙiya siginar lantarki, ko irin SiPM ko bututun PMT, da man siliko na musamman tsakaninsu don kada iska ta shiga. A naɗe allon da takardar alminiyam, sannan baƙin tef ninki biyu. Sai kebul masu om 50, da injin ba da sigina na gwaji, da abin auna lokaci: ko TDC (agogon da ke mai da lokaci lamba), ko osiloskop mai sauri (injin nuna siffar sigina), ko allon DRS4 na cibiyar PSI ta Suwizalan, wanda ke ɗaukar samfuri har biliyan 5 a sakan. Kada a manta ƙaramin ma'aunin zafi, irin DS18B20 ya wadatar, a manna shi a jikin idon hasken, a riƙa rubuta zafin tare da kowace ƙwaya da aka kama.

Agogon tukuna

TDC yana yanka lokaci gida-gida, kuma takardar masana'anta za ta ce gidajen duk faɗinsu ɗaya. Ba haka suke ba. Hanyar gano gaskiya mai sauƙi ce: ku ba shi siginoni da ba su da wata alaƙa da agogonsa, su riƙa faɗowa barkatai, ku ƙidaya nawa suka faɗa kowane gida. Gidan da ya fi faɗi zai fi kama da yawa. Faɗin kowane gida shi ne rabonsa cikin jimilla, a ninka da tsawon zagayen agogon. Don a san faɗin gida da kuskuren kashi 1 cikin ɗari ana bukatar sigina dubu 10 a kowane gida, don haka ku bar injin ya yi ta aiki. Daga nan ku gina teburin da ke mai da lambar gida zuwa ainihin lokaci, ta hanyar tara faɗin gidajen da suka gabata da rabin na gidan da ake ciki.

Ko da gidajen sun daidaita, akwai kuskuren da ba ya gyaruwa, wato faɗin gida a raba da saiwar 12 (lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 12). Gida mai pikosakan 100 yana barin kimanin pikosakan 29. Idan allunanku ba za su fi rabin nanosakan kyau ba, wannan ba abin damuwa ba ne. Masu DRS4 su yi saitin lokacin da manhajarsa ke yi, bayan allon ya ɗumama.

Kebul da mahaɗai

Ku raba siginar gwaji gida biyu, ku aika ta layi na ɗaya da na biyu, ku auna bambancin. Sannan ku musanya kebul ɗin a bakin TDC ku sake aunawa. Rabin jimillar awon biyu shi ne bambancin da ke cikin TDC, rabin ragowarsu kuma na kebul ne. Daga ranar kowane kebul ya samu lamba a jikinsa da layin da aka ba shi, kada ya sake canza wuri.

Ƙarshen kowane layi ya zama an rufe shi da om 50. In an bar osiloskop a kan megaom 1, sigina zai dako ya koma baya, ya sake dawowa. Alamarsa ita ce ƙaramin tudu na biyu da ke bin na farko da ninki biyu na jinkirin kebul: mita 3 na kebul, nanosakan 30. Mahaɗi kuma a murɗa shi har sai ya kama. A 2011 gwajin OPERA ya sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harba daga CERN zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun riga haske isa da kimanin nanosakan 60. A 2012 aka gano cewa babban dalilin wayar haske ce ta siginar GPS da ba ta zauna daram a mahaɗinta ba. Ƙwararru ne suka yi aikin, kuma su da kansu suka bi diddigi har suka gano.

Yanzu a kira miyon

Ku ɗora allo ɗaya a kan ɗaya, suna manne. Za ku riƙa samun ƙwaya ɗari uku zuwa huɗu a minti. Ku zana histogiram na lokacin allon ƙasa a cire na sama, wato zanen yawan ƙwayoyin da suka faɗa kan kowane bambancin lokaci, za ku ga tudu. Tsakiyar tudun ita ce tazarar saiti ta farko, kuma kuskurenta shi ne faɗin tudun a raba da saiwar yawan ƙwayoyin: faɗin pikosakan 700 da ƙwaya dubu 10 suna ba da pikosakan 7. Ƙididdiga ba ita za ta dame ku ba, kurakuran da ba sa raguwa da yawan ƙwaya su ne abin tsoro.

Gwajin da ke tona asiri shi ne na musanya. Ku raba allunan da mita ɗaya daidai, ku auna, sannan ku mai da na sama ƙasa ba tare da kun cire kebul ko ɗaya ba. Miyon yana cin nanosakan 3.34 a mita, saboda haka tudun ya kamata ya matsa da kimanin 6.7. Zai ɗan ɗara kaɗan, domin wasu ƙwayoyin a karkace suke zuwa, hanyarsu ta fi mita. Idan ya matsa da 5 ko da 9, ku koma kan agogo, ma'aunin gidajen ne ba daidai ba. A wannan tazara ƙwayoyi za su ragu zuwa wajen bakwai a minti, kusan dubu 10 a yini da kwana, don haka a yi haƙuri.

A nan ne kuma gamon katar ke shigowa, wato siginoni biyu na hayaniya da suka zo tare ba da wata ƙwaya ba. Yawansu a sakan shi ne 2 sau faɗin tagar haɗuwa sau yawan siginar allo na ɗaya sau na allo na biyu. Da taga mai nanosakan 50 da sigina 100 a sakan a kowane allo, sau ɗaya ke nan a sakan dubu, ba komai. Amma idan zafi ko yoyon haske ya kai kowane allo 2000 a sakan, za ku samu 0.4 a sakan, sun ninka miyon na gaske kusan sau huɗu. A histogiram suna shimfiɗuwa ne kamar tabarma a ƙarƙashin tudun. Idan kun ga haka ku kashe fitilar ɗakin ku ga ko lambar ta sauka. In ta sauka, tef ɗinku ya buɗe a wata kusurwa.

Jan ƙafar ƙaramin sigina

Nan ne mafi yawan ribar saiti take, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Sigina ba ya tashi tsaye lokaci guda, hawa yake yi. A ce yana kai ƙololuwa cikin nanosakan 2, kuma kun sa shinge a milibolt 30. Sigina mai tsayin milibolt 300 zai tsallake shingen bayan nanosakan 0.2, mai milibolt 60 kuwa sai bayan nanosakan 1. Ƙwayoyin lokaci ɗaya suka iso, amma agogo ya raba su da pikosakan 800. Kuma tsayin siginar miyon ba ɗaya ba ne ko kaɗan: akwai tudu, akwai doguwar jela ta manyan siginoni.

Gyaran yana bukatar ku san girman kowane sigina, ko ta cajinsa ko ta tsawon lokacin da ya yi a saman shinge. Ku zana bambancin lokaci a tsaye, girman sigina a kwance. Za ku ga wani baka mai lanƙwasa da ke tashi sama ta ɓangaren ƙanana. Ku yanka shi tsaye-tsaye kashi 15 zuwa 20, kowane kashi da ƙwayoyi aƙalla ƴan ɗaruruwa, ku nemo tsakiyar tudun kowane kashi. Tsakiyar tudun za a ɗauka ta hanyar dasa layin Gauss, mai siffar ƙararrawa, a kan cibiyarsa. Matsakaicin lissafi ba ya yi a nan, domin jela tana jan sa gefe. Sannan a dasa layi a kan ɗigogin: wata tsayayyar lamba, a tara da wata lamba da aka raba da saiwar caji. Galibi wannan ya isa. In bai bi ɗigogin ba, a yi teburi kawai a riƙa cike tsakani.

Tarkon shi ne allunan biyu duk suna jan ƙafa. Idan kuna gyara na sama, ku zaɓi ƙwayoyin da siginarsu a allon ƙasa ke cikin siririyar tazara kusa da ƙololuwar tudunsa, don nasa jan ƙafar ya zama kusan tsayayye. Ku gyara na sama, ku juya ku gyara na ƙasa da taimakon gyararren na sama, ku sake zagayawa. Zagaye biyu ko uku lambobin za su tsaya. Bayan nan dole a sake fitar da tazarar saiti, domin gyaran ya matsar da ita.

Masu ɗaukar dukkan siffar sigina sun huta da rabin wannan wahala. Sai su auna lokacin da sigina ya kai kashi 20 cikin ɗari na tsayinsa shi kansa, suna cike tsakanin samfura biyu da miƙaƙƙen layi. Wannan yana kashe jan ƙafa matuƙar siffar ba ta canza ba. Siginar da ya cika ma'auni har kansa ya yanke a zubar da shi, don ba a san tsayinsa ba. Kada kuma a yi kwaɗayin sauke shinge har ƙasa: rawar lokaci ita ce girman hayaniya a raba da tsinin hawan sigina a wurin tsallakewa, kuma a gindin sigina hawan kwance yake.

Inda ƙwayar ta bugi allon

Haske a cikin sandar sintileta yana dakuwa da bango yana tafiya, shi ya sa gudunsa na zahiri bai wuce wajen santimita 15 a nanosakan ba. Allo mai santimita 20 da ido ɗaya a gefe yana da bambancin sama da nanosakan ɗaya tsakanin kusa da nesa. Magani shi ne ido biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Matsakaicin lokutan biyu bai damu da wurin bugu ba, bambancinsu kuma yana gaya muku wurin. Don auna gudun, ku ɗora ƙaramin allo a kan sandar, ku riƙa matsar da shi santimita 10-10, ku zana bambancin lokaci da nisa. Gangaren layin shi ne 2 a raba da gudun. Ku auna naku, kada ku ɗauko na littafi, domin naɗi da kaurin sanda suna canza shi.

Bututun gas

A manyan na'urori, sawun ƙwaya kansa da lokaci ake zana shi. Bututun miyon na ATLAS, wata babbar na'ura a CERN, faɗinsa milimita 30 ne, cike da argon kashi 93 da iskar kabon dayoksaid kashi 7 a matsin bar 3, da siririyar waya mai kaurin maikuromita 50 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a tsakiya ɗauke da bolt 3080. Ƙwaya ta ratsa, ilektoron suka taso suka nufi wayar, mafi nisa yana cin kusan nanosakan 700. Daga lokacin ake fitar da nisan sawu da waya, da daidaiton kimanin maikuromita 80.

Abu biyu ake saitawa. Na farko mafarin lokaci: a histogiram na lokutan bututu akwai bango mai tashi tsaye a hagu, na ƙwayoyin da suka bi ta jikin waya. Ana dasa masa layin Fermi, mai siffar matakala ɗaya, a ɗauki tsakiyar hawan. Na biyu dangantakar lokaci da nisa. Farkon zato ana samunsa ta tara histogiram ɗin daga hagu zuwa dama, bisa cewa ƙwayoyi sun bazu daidai a faɗin bututu: inda tarin ya kai rabi, nisa ya kai rabin radiyos. Sannan a zana sawu miƙaƙƙe da ke shafar da'irori na bututu shida ko fiye, a duba ragowar kowane bututu, a gyara dangantakar da matsakaicin ragowar, a maimaita har ta daina motsi. Idan mafarin lokaci ya kauce, da'irorin duka za su kumbura ko su tsuke tare, ragowar ta karkata gefe ɗaya. Nanosakan ɗaya a ATLAS kusan maikuromita 20 ne. A ɗakunan gas na CMS, ita ma na'ura ce a CERN, inda ilektoron ke gudun kimanin maikuromita 55 a nanosakan, ya fi haka ciwo.

A injin karo akwai ƙarin tambaya, yaushe aka yi karon? Dunƙulen furoton a LHC, babban injin karo na CERN, suna haɗuwa duk nanosakan 25, amma cikin haɗuwa ɗaya karon na bazuwa a kan kusan pikosakan 200. Ana fitar da lokacin tashi daga sawayen karon su kansu: a auna tsawon kowane sawu da ƙarfin tafiyarsa, a lissafa lokacin da ya kamata ya ci, a ɗauki matsakaici. Sawun da kuke gwadawa kada ya shiga cikin wannan matsakaicin, in ba haka ba zai ja lambar zuwa kansa, sakamako ya yi kyan ƙarya. Tudu na biyu da ya bayyana nanosakan 25 daga na farko kuwa alama ce an jingina sigina ga haɗuwar da ba tata ba. Da irin wannan tsanaki, musamman gyaran jan ƙafa layi-layi, ALICE ta sauko daga wajen pikosakan 80 zuwa kusan 56. ATLAS da CMS kuma suna gina sababbin allunan pikosakan 30 zuwa 60, don raba karo har 200 da za su riƙa aukuwa a haɗuwa ɗaya.

Nawa ne daidaitonku?

Faɗin tudun bambanci na alluna biyu ne a haɗe. In tagwaye ne sak, a raba da saiwar 2. In ba ku tabbata ba, nan allo na uku ke amfani: ku auna faɗin kowane biyu-biyu, ku ninka kowane da kansa, ku tara na ɗaya-da-biyu da na ɗaya-da-uku, ku cire na biyu-da-uku, ku raba biyu, saiwar abin da ya fito ita ce ta allo na ɗaya. Kuma ku raba bayananku gida biyu tun farko, ƙwayoyi masu lambar mara da masu cika. Ku yi saiti da kashi ɗaya, ku auna daidaito da ɗayan. Idan sakamakon ya yi kyau a kashin saiti kaɗai, hayaniya kuka dasa wa layi.

Zafin Maraɗi

Wannan sashe ya fi shafarmu fiye da masu aiki a ramin CERN. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma yana iya canzawa da digiri 15 tsakanin asuba da azahar. Bolt ɗin da SiPM ke fara aiki a kansa yana hawa da zafi: kimanin milibolt 21.5 a kowane digiri ga jerin C na onsemi, kimanin 54 ga S13360 na Hamamatsu. Digiri 15 ke nan bolt 0.3 ga na farko, 0.8 ga na biyu. Idan rarar bolt ɗin da kuka ba shi 3 ce, sigina zai ragu da kashi 10, ko sama da kashi 25, da rana tsaka. Ƙaramin sigina kuwa jan ƙafa yake, sai ku ga tudunku yana yawo da agogon bango. Hayaniyar duhu ma tana ninkuwa kusan duk digiri 10, ta ƙara gamon katar.

Ku zana tazarar saiti awa-awa a kan zafin da ma'auninku ya rubuta. In layi ya fito, ko ku sa wutar SiPM ta riƙa bin zafi da wancan adadin, ko ku gyara a lissafi. Na farkon ya fi, domin yana riƙe siffar sigina yadda take. Akwatin katako mai soso a ciki yana rage hawa da saukar, kuma gara ɗaki mai zafi tsayayye da na'urar sanyaya ɗaki mai kamawa tana saki.

Idan wuta ta ɗauke, ko an koma kan janareta, ku rufe fayil ɗin ku buɗe sabo da sabuwar lamba. A bar kayan su ɗumama rabin awa kafin a karɓi bayanai, sannan a sake gwajin siginar da aka raba biyu, domin wasu agogunan ba sa komawa kan tsohon zangonsu bayan an kunna. Lokacin hazo kuma ƙura na shiga mahaɗai, don haka duk bakin da ba a amfani da shi a rufe shi da murfinsa, wanda aka cire a goge shi da alkol kafin a mayar. Kowane teburin saiti a ajiye shi da ranar da aka yi shi, da zafin ɗakin, da bolt, da tsayin shinge, da lambobin fayilolin da ya shafa. Aka taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, a sake ɗora allunan a kan juna na awa ɗaya a fitar da sabuwar tazara kafin a ci gaba.